Yadda Ake Gane Yarjejeniyar Lasisin Manhaja Mai Danne Gasa

Idan ana son a tantance ko yarjejeniyar da ke tsakanin mai babbar manhaja (wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya) da masu ƙera kwamfuta ko waya tana danne gasa, kada a tsaya kan rangwamen da aka yi, domin rangwame ga mai sayen kaya da yawa sanannen abu ne a ciniki. Abin bincike shi ne asarar da mai ƙira zai yi idan ya ɗora manhajar wani kamfani dabam.

A fara da duba yadda ake lissafin kuɗin. Kafin 1994, Microsoft yakan karɓi kuɗi daga masu ƙira da dama a kan kowace kwamfutar da suka sayar mai ɗauke da wani nau'in furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), ko an ɗora mata babbar manhajarsa MS-DOS ko ba a ɗora ba. Wanda ya zaɓi DR-DOS, manhajar wani kamfani mai gasa da MS-DOS, ke nan sai ya biya sau biyu, kuma ɗan kasuwa ba zai jure wa hakan ba, komai ingancin manhajar. A ganina wannan ita ce alama mafi muni, domin ba a rubuta hani ko ɗaya ba, amma an rufe ƙofa. A Yulin 1994 Microsoft ya amince wa Ma'aikatar Shari'ar Amurka zai daina wannan tsari, aka kuma hana shi ƙulla kwangilar lasisi da masu ƙira wadda wa'adinta ya wuce shekara ɗaya.

Daga nan a duba ko an ɗaure wani kaya da wani. A 2018 hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, kuma cikin dalilanta har da tilasta wa masu ƙera wayoyin Android ɗora Chrome da manhajar bincikensa kafin a ba su Play Store, tare da hana su sayar da wayoyi masu wani samfurin Android da bai amince da shi ba. Google ya ce haɗin kan tsarin Android yake karewa don kada ya rarrabu. Hujja ce da ta cancanci a saurare ta, amma a tambaya ko sharaɗi mai sauƙi zai biya wannan buƙata.

Sannan a auna ƙarfin kamfanin a kasuwa, domin sharaɗin da ba ya cutarwa a hannun ƙaramin kamfani yakan zama takunkumi idan mai ƙira ba shi da wata manhajar da masu saye za su karɓa.