Yadda za ka nemo alƙaluman Kanada ka yi binciken zamantakewa da su

A ce malaminka ya amince da batun da za ka yi bincike a kai: yadda 'yan Najeriya da suka koma Kanada suke samun aiki da abin da suke samu a shekara. Batu ne mai tushe, domin ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa Najeriya ce ta biyar a jerin ƙasashen da sababbin masu ƙaura suka fito tsakanin 2016 da 2021, bayan Indiya da Filifin da Sin da Siriya. Alƙaluman suna nan a intanet, yawancinsu kyauta, ko kana Kano ko Damagaram ko Toronto. Samo lamba ba wuya. Wuyar aikin ita ce ka san wa aka ƙirga, a ina, kuma yaushe, don kada ka yi kitso da kwarkwata. Da wannan misalin za mu bi matakan.

Mataki na farko: tsayar da tambayarka kafin ka buɗe kwamfuta

Ɗauki takarda ka rubuta abu huɗu: su wa kake nema, a wane wuri, a waɗanne shekaru, kuma me za ka auna. Tun daga na farkon za ka ga akwai magana. A ƙididdigar Kanada, "mai ƙaura" shi ne wanda aka taɓa ba shi izinin zama na dindindin, ko da daga baya ya zama ɗan ƙasa. Irin waɗannan sun haura miliyan 8.3 a 2021, wato kashi 23 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Ɗalibi mai bizar karatu, da mai takardar aiki ta wucin gadi, da mai neman mafaka, duk rukuninsu daban. To idan yaran da suka tafi karatu ne a ranka, ka ɗauko jadawalin masu ƙaura, ka ƙirga wasu mutane ke nan ba su ba.

Mataki na biyu: san gidan da kayan suke

Uwa-uba ita ce hukumar ƙididdiga ta ƙasar, Statistics Canada, wadda hedkwatarta ke Ottawa. An kafa ta a 1918 da sunan Dominion Bureau of Statistics, ta karɓi sunanta na yanzu a 1971. Adireshinta statcan.gc.ca. Duk abin da ta wallafa yana fitowa da Ingilishi da Faransanci, saboda haka ɗan Nijar da ya yi boko da Faransanci ba shi da wata matsala, sai ya latsa maɓallin sauya harshe a saman shafin.

Fara da mujallarta ta kullum, The Daily, wadda ke fitowa ƙarfe 8:30 na safe agogon Ottawa a duk ranar aiki. Kowane sabon sakamako nan ake fara sanar da shi, kuma a ƙasan labarin za ka ga lambobin jadawalan da aka ɗauko alƙaluman. Ni a ganina wannan ta fi akwatin neman bayani na shafin sauri, wanda kan zubo maka ɗaruruwan sakamako ka rasa na kamawa.

Kowane jadawali yana da lambarsa, kuma lambar ce ya kamata ka adana, ba sunan ba. 14-10-0287-01 na aikin yi da rashin aikin yi ne wata-wata. 18-10-0004-01 na farashin kayan masarufi ne. 17-10-0005-01 na ƙiyasin yawan jama'a ne bisa shekaru. In ka ci karo da lamba irin 282-0087 a wata tsohuwar maƙala, ta tsohon rumbun CANSIM ce, wanda aka maye gurbinsa a 2018; sa ta a akwatin nema, zai kai ka ga sabuwar. Abin da ka fara gani a allo ɗan yanki ne kawai na jadawalin. Latsa Add/Remove data ka zaɓi shekaru da larduna da rukunan da kake so, ko kuma ka sauke jadawalin gaba ɗaya a fayil ɗin CSV. Wasu fayilolin suna da nauyi ƙwarai, mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya duba girman tukuna.

Mataki na uku: ƙidayar jama'a, da ramukan da ke cikinta

Nan za mu daɗe, domin nan ne akasarin masu binciken zamantakewa suke ɗiban ruwa. Kanada tana ƙidaya duk bayan shekara biyar, a shekarun da suka ƙare da 1 ko 6. Ta 2021 ta ƙirga mutum 36,991,981. Hanya mafi sauƙi ita ce Census Profile: ka rubuta sunan gari, ya jero maka shekaru, harshe, ilimi, aiki, gidaje da ƙasar haihuwa. A jerin harsunan uwa na 2021 har da Hausa, ƙarƙashin harsunan Cadi.

Fom biyu ake rabawa. Gajere ga kowa, dogo kuma ga gida ɗaya cikin huɗu. Tambayoyin ilimi da sana'a da asali da addini suna cikin dogon, wato alƙalumansu ƙiyasi ne daga samfuri, ba ƙirgen kowa da kowa ba.

Sai labarin 2011, wanda duk mai kwatanta shekaru dole ya sani. A 2010 gwamnatin Stephen Harper ta soke dogon fom na dole, ta kawo wani na ganin dama mai suna National Household Survey. Shugaban hukumar na lokacin, Munir Sheikh, ya ajiye aikinsa a kan wannan batu. A 2006 fiye da kashi 90 cikin ɗari ne suka cike dogon fom. A 2011 gidajen da suka amsa ba su kai kashi 70 ba. Matsalar kuma ba yawan kaɗai ba ce, waɗanda suka ƙi amsawa ba su yi kama da waɗanda suka amsa ba, har sai da aka ƙi fitar da alƙaluman ƙananan garuruwa da dama. Gwamnatin Justin Trudeau ta dawo da fom na dole a Nuwamban 2015. Don haka in ka jera 2006, 2011, 2016 a layi guda ka ga 2011 ta yi tsalle ko ta faɗi, kada ka yi saurin ƙirƙiro mata dalili na zamantakewa. Zai yiwu fom ɗin ne.

Rami na biyu ya shafi misalinmu kai tsaye. Kuɗin shigar da ke cikin ƙidaya na shekarar da ta gabace ta ne. Na ƙidayar 2021 na 2020 ne, shekarar korona, lokacin da gwamnati ta raba wa miliyoyin mutane tallafin gaggawa. Talauci ya ragu a takarda a wannan shekarar. Wanda ya ce 'yan ƙaura sun fita daga talauci tsakanin 2016 da 2021 bai ambaci tallafin ba, ya ba da rabin labari.

Sauran a gurguje. Addini duk bayan shekara goma ake tambayarsa, don haka babu shi a 2016. Musulmi kashi 2 ne a 2001, suka kai kashi 4.9 a 2021. Hukumar kan karkata kowace lamba zuwa wadda ta ƙare da 0 ko 5 don kare sirrin mutane, shi ya sa in ka haɗa ba ya daidaita da jimillar, kuma "10" a ƙaramin gari na iya zama 7 ko 13. Matsugunan 'yan asalin ƙasar 63 ba a kammala ƙirga su ba a 2021. Ƙidaya kuma kullum tana tsallake wasu: ƙiyasin hukumar na Yulin 2021 ya haura miliyan 38. In kana lissafin kaso bisa yawan jama'a shekara-shekara, ƙiyasin za ka ɗauka.

Mataki na huɗu: wane Toronto?

Birnin Toronto mai magajin gari guda yana da mutum 2,794,356 a 2021. Toronto da kewayenta, wadda hukumar ke kira CMA, tana da 6,202,225. Kamar ka ce Kano, wani ya ɗauka cikin ganuwa kake nufi, wani ya haɗa har Kumbotso da Ungogo. Masu ƙaura da yawa suna zaune ne a Brampton da Mississauga, waɗanda ke cikin na biyun ba na farkon ba. Daga larduna goma da yankuna uku na arewa, alƙaluman suna sauka har unguwa mai mutum 400 zuwa 700. Zaɓi mataki guda ka tsaya a kansa, kuma ka duba ko iyakokin sun sauya tsakanin ƙidaya da ƙidaya.

Mataki na biyar: in ƙidaya ba ta amsa ba, koma safiyo, wato tambayoyin da ake yi wa samfurin jama'a

Labour Force Survey na aikin yi ne, ana yin sa kowane wata, ya faro tun 1945, kuma tun 2006 yake tambayar ko mutum mai ƙaura ne. Canadian Community Health Survey na lafiya ne. General Social Survey, wanda aka fara a 1985, yakan ɗauki batu guda kowane zagaye: iyali, yadda ake kashe lokaci, waɗanda aka yi wa laifi, kula da tsofaffi. Ga mai misalinmu kuwa, babu kamar rumbun IMDB, wanda ya haɗa takardun shigowar masu ƙaura da takardun harajinsu, ta yadda za ka bi kuɗin shigar waɗanda suka sauka a shekara guda har bayan shekara goma.

Ba komai ne ke hannun hukumar ba. Adadin biza da izinin zama wata-wata ma'aikatar shige da fice ce ke sa shi a open.canada.ca. Na asibitoci yana wurin cibiyar bayanan lafiya ta CIHI, na kuɗin haya yana wurin hukumar gidaje ta CMHC, lardin Quebec kuma yana da tasa hukumar ƙididdigar. Mai tarihi ya nufi Library and Archives Canada, inda ake buɗe takardun ƙidaya masu sunaye bayan shekara 92. Na 1931 sun fito a 2023.

Mataki na shida: bayanan mutum ɗai-ɗai

Jadawali zai faɗa maka matsakaicin albashi. Ba zai bari ka gwada ko bambancin ya rage in ka cire tasirin shekaru da ilimi ba. Wannan sai da fayil mai layin mutum ɗai-ɗai.

Ƙofa ta farko su ne fayilolin da aka buɗe wa kowa, PUMF. Na ƙidayar 2021 ya ƙunshi kashi 2.7 na jama'a, an cire duk abin da zai sa a gane mutum. Sai dai kare sirrin yana da tsada: akan dunƙule ƙasashen Afirka da yawa wuri guda, ka nemi Najeriya ita kaɗai ka rasa. Sauke littafin bayanin fayil ɗin ka duba rukunan ƙasar haihuwa kafin ka ɗora kundinka a kansa. IPUMS International na Jami'ar Minnesota shi ma yana da samfuran ƙidayar Kanada da aka daidaita da na wasu ƙasashe, rajista kawai za ka yi ka bayyana bincikenka.

In kana jami'a a Kanada, tafi laburare ka nemi mai kula da shirin Data Liberation Initiative, wanda tun 1996 yake ba jami'o'i damar waɗannan fayiloli, ka kuma leƙa rumbun Odesi. Ƙofa ta ƙarshe su ne ɗakunan bincike na RDC da ke cikin jami'o'i, inda cikakkun fayilolin suke. Sai ka gabatar da tsarin bincikenka an amince, an tantance ka, ka yi rantsuwar riƙe sirri, kuma ba sakamakon da zai fita sai ma'aikacin hukumar ya duba shi. Yakan ɗauki watanni. Wanda ke nesa ya nemi abokin bincike a can, ko ya biya hukumar ta haɗa masa jadawali na musamman. In hakan ya gagara, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ya gyara tambayarsa ta dace da abin da PUMF zai iya amsawa.

Mataki na bakwai: nauyi da 'yan haruffa

Kowane layi a fayil ɗin safiyo yana da nauyi, wato adadin mutanen da yake wakilta. Ko Stata kake amfani da shi ko SPSS ko R, sai ka faɗa wa manhajar wane ginshiƙi ne nauyin, in ba haka ba kason da za ka samu na samfurin ne, ba na Kanada ba. Don auna kuskure kuma akwai ɗaruruwan nauye-nauye na maimaici da ke zuwa da wasu fayilolin. In ka bar su, tazarar kuskurenka za ta fito ƙarama fiye da gaskiya. Masu R su nemi ƙananan manhajojin cansim, mai jawo jadawali kai tsaye da lambarsa, da cancensus, mai jawo alƙaluman ƙidaya.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Harafin E kusa da lamba yana nufin a yi hattara da ita. F yana nufin ba ta da ingancin da za a wallafa. x an ɓoye ta ne don sirri. Ɗigo biyu, babu alƙaluma na wannan lokacin. Babu ɗayansu da ke nufin sifiri, amma Excel ba ta san haka ba.

Mataki na takwas: kwatantawa da ambato

Kanada tana da ma'aunin talauci fiye da ɗaya. Na hukuma tun 2018 shi ne MBM, mai duba kuɗin kwandon buƙatu a kowane yanki. LIM kuma rabin kuɗin shigar gida na tsakiya ne. Alƙalumansu sun bambanta, don haka faɗi wanda ka ɗauka. Rashin aikin yi ma haka: Kanada daga shekara 15 take ƙirgawa, Amurka daga 16. Mu ma mun ga irinta a gida, lokacin da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta sauya ma'auninta a 2023, kashi 33.3 na ƙarshen 2020 ya koma 4.1, alhali ba masana'antu aka buɗe ba. Lambobin sana'o'i na Kanada kuma sun tashi daga huɗu zuwa biyar a tsarin 2021, sai da jadawalin daidaitawa za ka haɗa su da na baya.

Lasisin Statistics Canada ya ba ka damar kwafa da sarrafawa da wallafawa, sharaɗin dai ka ambace ta, kuma kada ka nuna kamar ta amince da fassararka. Rubuta sunan hukumar, lambar jadawali, takensa da ranar da ka sauke shi. Ranar tana da muhimmanci saboda ana gyara alƙaluman baya lokaci-lokaci, mai duba kundinka na iya buɗe jadawalin bayan wata shida ya ga wata lamba daban. Ajiye fayil ɗin da ka sauke yadda yake, ka sa ranar a sunansa, ka yi aikinka a kan kwafi.