Yadda Ake Shirya Itacen Fain Don Auna Aisotof a Zoben Shekara

Aisotof nau'o'in sinadari ɗaya ne masu bambancin nauyi, kamar kabon-13 da oksijin-18, kuma su ake aunawa a zoben da itace ke yi duk shekara. Yawancin samfurin da ke lalacewa ba a na'urar awo yake lalacewa ba, tun a kan tebur yake tashi daga aiki. Abu biyu ke jawo haka ga mai aiki a Legas: ƙaron da ke cikin itacen fain, da danshin garin.

Ka fara da bishiya mai rai wadda ka san ranar da aka huda ta, kamar fain ɗin da aka dasa a Jos ko Afaka ta Kaduna. Katakon kasuwa ba ya yi, don ba wanda zai gaya maka shekarar da aka sare shi. Ka huda bishiya huɗu zuwa biyar, da mahudi mai faɗin milimita 5, ko 12 in zoben sirara ne. Kada mai ko giris ya taɓa bakin mahudin, domin duk kabon ne. Sandar da ta fito ka sa ta a bututun takarda. In ka ƙulle ta a leda ka taho da ita daga Arewa, kafin mota ta sauke ka ta fara hunhuna.

Kada ka manna ta da gam, ka ɗaure da zare. Ka gyara fuskarta da reza, ba samfefa ba, saboda garin samfefa yana kwashe itacen wata shekara ya cusa a ramukan wata. Alamar shekara kuma da tsinin allura ake yi, bakin fensir akwai kabon a cikinsa. Fain na ƙasa mai zafi yakan yi zoben ƙarya idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, don haka sai ka gwada sandunan da juna, shekara ta hau kan shekara, kafin ka yanka komai.

Sai cire ƙaro, inda ɗalibai suka fi yin ha'inci. Ƙaro ba ya zama a zoben da aka yi shi, yana malala zuwa wasu shekarun, kuma kabon-13 ɗinsa ya gaza na selulos, wato zaren itacen da za a auna. In ka bar shi, adadin da za ka samu gauraye ne. Ka sa sandar ɗungurungum a na'urar Soxhlet, mai wanke samfuri da ruwan sinadari yana zagayawa, da toluwin kashi 2, etanol kashi 1, kamar awa 16 zuwa 18. Ka sake da etanol zalla na tsawon haka, sannan ka tafasa a tataccen ruwa na ɗakin gwaji kamar awa 6. Awannin nan na lokacin da ruwan ke zagayawa ne. Wanda ya kunna da yamma ya tafi gida, aka ɗauke wuta da tsakar dare, bai yi awa 16 ba ko da agogo ya ce ya yi. Alamar gamawa ita ce ruwan da ke saukowa ya daina yin rawaya, itacen kuma ya bar ƙamshin fain idan ya bushe. Toluwin da tsada, amma ragin da aka yi a nan shi ke jawo sake aikin tun daga farko. Ruwan leda da na burtsatse ba tataccen ruwa ba ne.

Yanzu ka raba zoben da wuƙar tiyata a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kana goge wuƙar da etanol bayan kowace shekara. A fain zoben gaba ɗaya ake ɗauka, a yayyanka shi siri-siri.

Don fitar da selulos, ana jiƙa yankan a sodiyam kilorait, wato NaClO2, da ɗan asid ɗin asetik, a zafin digiri 70, ana sabunta ruwan har itacen ya yi fari fat. Ka duba kwalbar da kanka wurin saye, kar a miƙo maka NaCl, gishiri ke nan. Haɗin yana fitar da iska mai guba, sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Daga nan sodar NaOH kashi 10 cikin 100 a digiri 80, sai kashi 17 ba zafi, kowanne minti 45. Ka ɗauraye har sodar ta fita sarai, a wargaza zaren da na'urar girgiza ta sauti, a busar.

Selulos yana shan danshi kamar gishirin da aka bari a buɗe da damina, kuma ruwan nan oksijin ke cikinsa, wanda zai shiga awon oksijin-18. A Legas abin ba ya ɗaukar lokaci. Ka auna kusan rabin miligiram zuwa 1, gwargwadon abin da ɗakin awon ya nema: kafson kuza don kabon, na azurfa don oksijin. Ka kwanar da su a obin mai digiri 60, su wuce kai tsaye cikin desiketa, wato mazubi mai hana danshi shiga, da sabuwar silika mai shanye danshi, nesa da hayaƙin janareto. In aikawa za ka yi, ka sa silika a cikin kunshin, ka nemi su sake busarwa kafin awo. Sakamakon kabon zai zo a ma'aunin VPDB, na oksijin a VSMOW, wato ma'aunan duniya da ake gwada sakamako da su. Na kabon sai ka yi masa gyara, domin ƙona man fetur da kwal ya sauke kabon-13 na iska daga kusan -6.4‰ (kashi cikin dubu) kafin zamanin masana'antu zuwa ƙasa da -8‰ a yanzu.