Bututun murhun tanti: inda muke tafka kuskure in mun fita kashta

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda sanyi ya kama, mutanenmu na Tabuka da Ha'il har da masu tasowa daga Madina kowa sai shirin kashta yake, wato fita shan iska da kwana a tanti a sahara ko kan dutse kamar yadda ake yi a nan Saudiyya, kuma yanzu an koma yayin ƙaramin tantin nan da ake goyawa a jaka, mai ɗan murhun itace a ciki. Abin da na lura shi ne kowa murhun yake dubawa, ya tambayi kuɗi ya ƙwanƙwasa ƙarfen, amma bututun hayaƙi ko oho, duk wanda aka haɗo masa da shi shikenan. Alhali bututun nan shi ne ke jan wutar gaba ɗaya.

Babban kuskure shi ne gajarta shi. Ni ma na yi, bara da muka hau wajen Jabal Lauz, wani dutse a yankin Tabuka, na bar gaɓa biyu na bututun a mota saboda nauyi, na ce ai tunda bakin ya leƙo waje ya isa. Wallahi kafin shayi ya tafasa idona ya yi jawur, iskar arewa na bugun saman tantin tana gangarowa tana danna hayaƙin cikin bututu, duk buɗe ƙofar murhu sai ya feso mana a fuska. Da gari ya waye na ƙirga ƙananan huji bakwai a rufin, kamar an bi shi da bakin sigari, tartsatsi ne ya sauka tun bai mutu ba. Wani dattijo makiyayi da ke kusa da mu ya zo ya duba ya ce, yaro ai hancin murhunka ka toshe.

Gyaran shi ne awo, kuma daga ƙololuwar tanti ake lissafi ba daga hujin da bututun ke fita ba. Misali tantinka tsayinsa mita 1.8 ne a tsakiya, saman murhu kuma ya tashi santimita 30 daga ƙasa, to bututu mita 1.5 iyakarsa ya yi kai ɗaya da ƙololuwa, sai ka ƙara kamar santimita 40 zuwa 50 a kai, ka ga mita 2 kake nema kenan. Mutane da yawa suna manta cire tsayin murhu, wasu kuma da yake hujin a gefe yake inda rufin ya gangaro sai su ga bututu ya fito da tsawo su ɗauka ya wuce, nan kuwa ka matsa baya taku goma ka hanga za ka ga ƙololuwa ta fi shi. Dalilin kuwa mai sauƙi ne, iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, iya tsayin da ta samu a cikin bututu iya ƙarfin da za ta ja sabuwar iska ta ƙofar murhu. A kan dutse abin ya fi tsanani, Jabal Lauz ya haura mita 2,500, iskar can ba ta da kauri kamar ta Jidda, jan yana raguwa, to wanda ya yi maka aiki da kyar a ƙasa can sama ba zai yi ba.

Sai masu cewa to bari in ƙure tsawo, su ɗora mita 3 a tantin da mutum ba ya iya miƙewa a ciki. Shi ma ba daidai ba ne. Hayaƙi na hucewa kafin ya kai baki, kunkunniya mai danƙo kamar kwalta ta taru a ciki, wata rana ta kama da wuta, ga shi yana zuƙe itace kamar me, ka zuba yanzu anjima toka. Uwa uba iska, bututun titaniyom ɗin nan da ake naɗewa kamar tabarma siriri ne ƙwarai, faɗinsa wajen santimita 6, in ya yi tsawo rawa yake yi har ya tsige daga kan murhu kuna barci. In dole sai dogo, a ɗaure samansa ta ɓangare uku da waya ko sarƙa siririya kafin igiya, kar ka ɗaura igiyar leda kai tsaye a jikin ƙarfe mai zafi, narkewa za ta yi.

Na naɗewan kuma in sabo ne ka fara ƙona shi a waje sau ɗaya, da rana, da safar hannu don bakinsa reza ne, bayan nan yake riƙe siffarsa. Kar ka bari sai ka isa sahara bayan magariba hannu na karkarwa.

Ragar tare tartsatsi da ke can sama tana toshewa, musamman in itacen ɗanye ne, sai mutum ya yi ta zargin tsawon bututu nan kuwa raga ce ta cika, kakkaɓe ta kullum da safe. Maganar itace ma, kun san an hana saran itatuwan sahara irin su samur da gada (sunayensu na Larabci) da sayar da su a Saudiyya, tara ce mai nauyi, a sayi na waje da ake shigowa da shi. Kuma don Allah a daina ƙara tsawo da guntun bututun kwano mai rufin zinki da aka tsinto a wajen gini, in ya yi zafi hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, ga shi in faɗin bai zo ɗaya ba mahaɗar yoyo take.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai rufe makullin bututu, wato ɗan faifan da ke rage fitar hayaƙi, ruf don wuta ta kai asuba, ya kuma toshe duk kafar iska ta tanti saboda sanyi. Iskar gubar da ke fita daga garwashi ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da tashin zuciya ne alamarta, in ka ji haka fita waje kawai ku duka, lambar difa'ul madani, wato 'yan kwana-kwana na Saudiyya, 998, ta motar asibiti 997. Ni yanzu ƙaramar na'urar nan mai batir da ke ƙara in ta ji iskar gubar a gefen matashina take kwana, kuma kafar sama a buɗe nake barinta ko da ruwan buta ya daskare.