Yadda Ake Zaɓar Tsarin Koyon Karatu Ga Yaro Mai Disleksiya

Na daɗe ina koyar da 'yan firamare a Gusau, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganin iyaye suna biyan kuɗin lesin zango bayan zango, yaro ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, a ƙarshe a laƙaba masa daƙiƙanci. Wasu daga cikin waɗannan yara suna fama ne da disleksiya, sunan da wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa wa matsalar a 1887. Tushenta shi ne wahalar rarrabe sautukan magana da danganta su da harufa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma takan bi jini.

Ku fara da kai yaron a duba masa ido da kunne, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko a asibitin da ya fi kusa da ku, domin yaron da bai ganin allo sosai tabarau yake buƙata. Idan an tabbatar lafiyarsu ƙalau, kada ku sayi tabarau mai launi ko ku biya kuɗin motsa idanu da sunan maganin disleksiya. Tun 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da takwarorinta na likitocin ido suka bayyana cewa babu hujjar da ta nuna waɗannan suna magance ta.

Mataki na biyu shi ne zaɓar harshe, kuma ni a wurina Hausa ce farko, ko da makarantar yaron da Turanci take koyarwa. Turanci yana da harufa 26 da ke ɗaukar sautuka kusan 44, harafi ɗaya ya fita da murya iri-iri, alhali a Hausar boko "ka" kullum "ka" ce. Yaron da ya gane a harshen da yake magana da shi cewa kalma gaɓoɓi ce, gaɓa kuma sautuka ce, zai shiga Turanci da makami a hannu. Littattafan RANA, shirin koyar da karatu da lissafi da Hausa, wanda UNICEF ta tallafa wa a makarantun Zamfara da Katsina, suna da amfani a nan, haka ma tsarin koyar da sauti na Jolly Phonics mai sautuka 42 idan an zo kan Turanci. Sai dai dukansu an tsara su ne domin aji gaba ɗaya, saboda haka saurinsu yakan fi ƙarfin mai disleksiya idan ba a rage shi ba.

Na uku, kada ku biya ko sisi sai kun zauna kun kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Abin da kuke nema shi ne malamin da ke koyar da sauti a fili, bisa jerin da ya tsara tun kafin ya shigo, ba ya wucewa gaba sai na baya ya zauna, kuma yana sa yaro ya ga harafin, ya furta shi, ya rubuta shi da yatsa a cikin yashi. Wannan ita ce hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka shimfiɗa a Amurka a shekarun 1930, kuma duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo zai ga ba baƙon abu ba ne. Faranti da yashin bakin rafi sun wadatar, ba sai an sayi kayan waje masu tsada ba. Ku lura da yadda malamin yake raba b da d da ɓ da ɗ; idan ya kawo su a mako ɗaya, bai san aikin ba. Idan kuma kuka ji yana cewa yaro ya dubi hoto ya ƙiyasta kalmar, ku tashi.

Mataki na huɗu shi ne inda ni kaina na taɓa yin kuskure, shi ya sa nake nanata shi. Yaranmu gwanaye ne wurin hadda. Na taɓa koyar da wata yarinya wata uku, tana karanta mini shafi bayan shafi ba gargada, har na yi wa mahaifiyarta albishir. Ranar da na rubuta jimlar farko ta littafin a allo na sauya wa kalmomi biyu wuri, sai ta rera ta yadda take a littafi, idonta ma ba ya kan allon. Ashe muryata ta haddace, wata ukun nan sun tafi a banza, kuma laifin nawa ne. Tun daga ranar ba na yarda da ci gaban yaro sai na gwada shi da kalmomin ƙirƙira waɗanda ba su da ma'ana, irin su "zilomu" ko "tsebo" ko "ƙafidu", domin waɗannan ba a haddace su, sai dai a haɗa sautukansu. Ku tambayi malamin ko yana yin irin wannan gwajin kafin ya fara da kuma bayan kowane wata. Ku ma za ku iya rubuta guda goma a takarda a gida, ku ajiye adadin da yaron ya ci, ba tare da tsawa ko bulala ba.

Game da lokaci, minti 30 zuwa 40 sau huɗu a mako sun fi awa uku ranar Asabar, kuma kada yara su wuce huɗu a zama ɗaya. Idan kuɗi ya yi kaɗan, gidaje uku su haɗu su ɗauki malami guda. Ku roƙi makaranta ta daina tayar da yaron ya yi karatu a gaban aji, ta kuma ƙara masa lokaci a jarrabawa, ku kuma ku riƙa karanta masa labari da dare domin kalmominsa su ƙaru. Bayan zango ɗaya ku sake gwajin da sababbin kalmomin ƙirƙira. Idan adadin bai motsa ba, ku nemi wani malamin.