Yadda Ake Gano Yoyon Iskar Kwamfiresa a Masana'anta

Duk wanda ya taɓa shiga masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ranar da ba a aiki ya san wannan ƙarar: injuna duk a kashe, amma can wani lungu ana jin "fsss" ba ƙaƙƙautawa. Kuɗi ne ke fita. Iskar kwamfiresa (injin matsa iska) tana da tsada ƙwarai, domin mafi yawan wutar da injin ke ci zafi take komawa, kaɗan ne ke zama iskar aiki. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa inda ba a kula, yoyo kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ake matsawa.

Huda mai faɗin milimita 3 a layin da ke kan bar 6 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) tana zubar da kusan lita 10 a daƙiƙa, wato aikin kilowat 3 a banza. Idan ana aiki awa 16 a rana, kwana 26 a wata, yunit 1,248 ke nan. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar masu layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, sama da naira 200 kan yunit; ko a kan naira 200 ɗin, ka ga huda ɗaya ta kusa cin naira 250,000 a wata. Mai janaretan dizal kuwa nasa ya fi haka.

Mataki na farko: san girman asarar kafin ka fara farauta. Zaɓi ranar hutu, a kashe duk injin da ke shan iska amma a bar bawul-bawul ɗin layi a buɗe, sannan a tada kwamfiresa. Tunda ba mai amfani da iskar, duk lokacin da ya ɗauki lodi, wato ya fara matsa iska, yoyo yake ciyarwa. Riƙe agogo ka rubuta mintunan da yake kan lodi da waɗanda yake hutawa, zagaye takwas zuwa goma. Raba lokacin lodi da jimillar lokutan biyu, ka ninka da 100. Minti 2 kan lodi, 6 a hutu, kashi 25 ke nan. Wannan lambar ita za ka kai wa mai kamfani, don ita ce za ta sa ya saki kuɗin gyara. Burinka ka sauko da ita ƙasa da kashi 10.

Na biyu, bi layin da ƙafa, daga tanki har injin ƙarshe, kana kasa kunne. Kada ka ɓata lokaci a kan manyan bututun da ke sama. Ɓarnar ta fi yawa a ƙarshen layi, wajen tiyo, mahaɗa, kilif, tsofaffin robobi da na'urar daidaita ƙarfin iska. Ka duba bawul ɗin zubar da ruwa na ƙarƙashin tanki da kyau. Da damina ruwa kan taru a layi, sai ma'aikata su ɗan buɗe shi su tafi, ya yi ta hura iska dare da rana har rani. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici, don ba lalacewa ba ce, sakaci ne.

Na uku, ruwan sabulu. Dabarar mai facin taya ce ba wata ba: ka kaɗa omo a ruwa, ka shafa da burushi a duk mahaɗar da kake zargi, inda kumfa ya tashi nan ne. Ka nisanta shi daga wayoyin wuta. Kada kuma ka lalubi yoyo da tafin hannu, iska mai ƙarfi na iya shiga ƙarƙashin fata.

Inda hannu ba ya kaiwa, ko hayaniyar injuna ta hana ji, sai na'urar sauraron yoyo. Ƙaramar huda tana fitar da sautin da ya wuce jin ɗan Adam. Kunnenmu yana tsayawa wajen kilohaz 20 (ma'aunin kaifin sauti), ita kuwa na'urar tana saurare a wajen 40, ta mayar da shi sautin da za ka ji a abin kunne. Da ita ana bincike ko ana tsakiyar aiki. Idan sayenta ya yi nauyi, a yi haya.

Duk hudar da ka samu, ɗaura mata takarda mai lamba, ka rubuta wurin da girmanta a littafi, in ba haka ba gobe za a manta. A fara gyara da manya. Kafin a sa sifana, a rufe bawul, a sauke iskar sashen har geji ya koma sifili.

Idan layin iskar oksijin ne, kada mai ko giris ko sabulun gida ya taɓa shi, akwai ruwan gwaji na musamman. Naitirojin kuma ba ya wari, yana iya shaƙe mutum a rufaffen ɗaki.

Bayan gyara, maimaita gwajin agogon nan ka kwatanta. Sau da yawa za ka tarar dama saboda yoyo aka ƙure ƙarfin kwamfiresa; yanzu sai ka riƙa sauke shi sannu a hankali kana lura da injuna, domin kowane bar 1 da ka rage yana rage kusan kashi 7 na wutar da yake ci. Sa ranar zagaye na gaba a kalanda, nan da wata uku.