Yadda Ake Kafa Anka a Kwana Lafiya a Gaɓar Zanzibar

Mai yawo da jirgin ruwa mai filafilai tsakanin tsibiran Unguja, Pemba da Mafiya na Tanzaniya, barcinsa yana hannun ankarsa, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa da sarƙa don ya riƙe jirgi. Ga yadda ake yi.

Da farko ka san iskar da ke kaɗawa. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce, Sawahilawa na kiranta kaskazi. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma kusi ce, daga kudu, ta fi ƙarfi. Nemi lungun da tsibiri zai shiga tsakaninka da iskar. Wurin da ya ɓoye ka a Janairu na iya hana ka runtsawa a Yuli.

Na biyu, ka iso kafin la'asar. Idan rana tana sama, launin ruwa zai gaya maka abin da ke ƙasa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne, ruwan ƙasa kuwa dutsen murjani ne. Yashi kake nema. Murjani yana cin sarƙa, yana riƙe anka, kai ma kana kashe shi, don abu ne mai rai.

Na uku shi ne lissafi, a nan baƙi suka fi shan kashi. Tekun nan yana cika ya janye sau biyu a rana, kuma a sabon wata ko tsakiyarsa bambancin yakan kai mita 4. A ce ka tarar da zurfin mita 5 ruwa na janye. Ƙara mita 4 na cikowa, da mita 1 daga saman ruwa zuwa goshin jirgi, ya zama 10. Ninka sau 5: sarƙa mita 50 za ka saki. In igiya ce, sau 7. Wanda ya yi lissafi da mita 5 kawai, tsakar dare ruwa zai ɗaga jirgin, anka ta tuge.

Sai ka fuskanci iska, ka tsaya cak, ka sauke anka a hankali har ta taɓa ƙasa, kana sakin sarƙa jirgi na ja da baya. Kada ka jibge ta tuli guda. Sa giyar baya, ka ɗora hannu a kan sarƙar. In tana kakkarwa, anka jan ƙasa take yi, ɗaga ka sake. In ta miƙe ta yi shiru, ta kama. Ɗauki alama biyu a tudu, kamar bishiyar kwakwa da hasumiyar masallaci, ka riƙa dubawa ko jirgi ya gusa.

Da magariba kunna farar fitila a ƙolin jirgi. Doka ce, kuma masunta na fita da ngalawa, ƙananan kwalekwalensu, cikin dare, da yawa ba fitila.

In za ka sauka gari da ƙaramin kwalekwale, ka tuna da janyewar ruwa, ko ka dawo ka iske shi zaune kan yashi, teku ya yi nisa. Ka sa tufafin mutunci, garin Musulmi ne. Maganar salla kuwa, daga Zanzibar alƙibla kusan arewa sak take, amma jirgi yana juyawa kan ankarsa, don haka duba kamfas, na'urar nuna arewa, kafin kowace kabbara ta farko.