Yadda Babban Mutum Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Samu Takardar Sakandare a Kaduna

Magidanci ko uwar gida da karatu ya yanke masa tun yana ƙarami ba ya bukatar komawa aji da kayan makaranta kafin ya mallaki takardar kammala sakandare. Hukumomin jarrabawa suna da tsari na musamman ga masu zaman kansu, wato masu zana jarrabawa ba ta hannun wata makaranta ba. WAEC tana shirya irin wannan jarrabawa sau biyu a shekara, ɗaya a farkonta, ɗaya a wajen ƙarshenta. NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, tana yin tata a watannin Nuwamba da Disamba. Mai sana'ar hannu, kamar kafinta ko mai gyaran wuta, ya dubi NABTEB, wadda ta haɗa darussan sana'a da na boko. Wanda kuma ya yi nisa a karatun Islamiyya yana iya neman bayani a hukumar NBAIS, da ke da hedikwata a nan Kaduna.

Abin da aka fi nema don shiga babbar makaranta shi ne kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma yawancin manyan makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Wannan sauƙi ne babba ga mai ƙaramin ƙarfi, domin idan ya ci darussa uku a zaman farko, ba su ɓata ba. Sai ya mayar da hankalinsa kan ragowar a zama na biyu, ko da a wata hukumar ce.

Kafin komai, a tabbatar da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, domin ba a yin rajista sai da ita. A duba cewa suna da ranar haihuwa sun yi daidai da abin da ke sauran takardu, saboda harafi ɗaya da ya bambanta, kamar Muhammad a nan da Mohammed a can, yana iya jawo wahalar gyara bayan an ci jarrabawa.

Batun kuɗi shi ne ya fi hana mutane. Bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, bai shafi wannan mataki ba, don haka kada a zauna jiransa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce adashi: a shiga tun da wuri, a roƙi uwar adashi ta sa kwasar mutum ta faɗo a watan da ake buɗe rajista. Kuɗin rajistar yana canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka a duba shi a shafin intanet na hukumar, a kuma yi rajista da wuri, domin makara tana jawo ƙarin kuɗi. A lissafa har da ladan mai shagon kwamfuta, da hoto, da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa. Babu abin kunya a neman taimako wurin kwamitin masallaci ko coci, ko ƙungiyar ’yan kasuwa da mutum yake ciki, ko masu fitar da zakka. Wanda ya je da takardar da ke nuna adadin kuɗin ya fi samun kunnen saurare.

Wajen shiri, littafin tambayoyin shekarun baya ya fi komai amfani, kuma ana samun na hannu da araha. Mutum uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su ɗauki malamin Lissafi ɗaya bayan sallar isha'i. Wanda karatu da rubutu suka yi masa rauni ya fara tambayar ajin yaƙi da jahilci a sashen ilimi na ƙaramar hukumarsa.

Ina gargaɗi ƙwarai game da cibiyoyin da ke alkawarin cin jarrabawa ba tare da karatu ba. Suna karɓar kuɗi fiye da na hukuma nesa ba kusa ba, kuma idan aka kama maguɗi ana riƙe sakamakon ko a soke shi, mutum ya rasa kuɗinsa da shekara guda.